Kuɗin Wahalar Kano

Litinin, 5 ga Mayu, bayan Magariba

Umar direba ya dawo daga Legas. Shi ya kai fatu reshen kamfaninmu na can. Na same shi a rumfar Uwani mai abinci, bakin getin majemarmu ta Challawa, yana zuba shinkafa da wake yana zuba labari.

"Malam Abdulbaƙi, zo ka ji. Wallahi mu a nan sadaka muke yi wa kamfani. Yaron da ke kan ganga a can, aikin Baba Sule sak, abin da yake ɗauka a wata Baba Sule bai taɓa riƙe shi ba, ko ya haɗa da obataim."

Na ce masa Legas akwai tsada, ga haya ga mota, dole a ba su fiye da mu.

Ya ce, "Haka ni ma na ce. To saurara. Direban Baturensu ya gaya min duk Baturen da aka turo Kano ana ƙara masa a kan na Legas. Kuɗin wahala ake ce masa. Wai Kano zafi, Kano nisa, Kano sai a hankali."

Baba Sule ya ajiye cokali. Ya kusa sittin, tun kafin in zo kamfanin yake juya fatu a gangar sinadari. Ya ce, "Kuɗin wahala? To ni a Challawa aka yanke min cibiya. Sai su biya ni tun daga ranar suna."

Kowa ya yi dariya har Uwani. Ni ban yi ba.

Tun a cikin a-daidaita-sahu nake juya maganar har na iso Ɗorayi. In mu za a biya, Kano gari ne mai sauƙi, sai a rage. In su za a biya, Kano gari ne mai wuya, sai a ƙara. Gari ɗaya ne fa. Rana ɗaya take dukan mu. Wataƙila akwai wani lissafi da ban gane ba, ni da sakandare kawai na yi. Amma na juya shi ta gaba, na juya shi ta baya, ya ƙi zama.

Laraba, 7 ga Mayu, hutun rana

Ba na so in zalunci kowa a rubutun nan, don haka bari in faɗi gaskiyar Mista Paolo. Shi ne Baturen da ke haɗa mana sinadari, mutumin Italiya. Ya san fata. Yana riga kowa zuwa. Yana gaisuwa da Hausa, har da "ina gajiya". Ranar da ganga ta ƙi juyawa da hannunsa ya shiga. Ba shi ya yanka wa kansa albashi ba.

Na faɗi wannan. Yanzu kuma in faɗi ɗayan. Ofishinsa da sanyi, motarsa da sanyi, gidan da kamfani ya kama masa a Bompai wuta ba ta ɗaukewa. Ni nake kula da sashen ruwa, inda ake jiƙa fata a cire gashi. Wanda bai saba ba, in ya leƙo sai ya koma yana hawaye. To wahalar da ake biya, a ina take zaune?

Na kira wani abokina da ke kamfanin roba a Sharaɗa. Ya ce su ma haka ne, kuma kowa ya sani. Kowa ya sani! Ashe ni ne na makara.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Tarin nan ya tashi bayan Asuba. Matata Sadiya ta ga jini a hankicina. Na cusa shi a aljihu.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan La'asar

Alhaji Yelwa, manajan ma'aikata, ya kira ni ofis. Ya sa aka kawo min ruwan sanyi, abin da bai taɓa yi ba.

Wata baƙuwa za ta zo daga Turai. Kamfanin da ke sayen fatunmu ne ya turo ta, ta ga yadda ake riƙe ma'aikata. Za ta zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya, ba manaja a ɗakin. Ba ta jin Hausa, don haka ana son tafinta daga cikinmu.

"Kai ne mai Turancin cikinsu, kuma kana da natsuwa."

Na ce Allah ya sa in iya.

Ya ɗan juya makullin motarsa a kan tebur. "Na ji an ce likita ya ce ka nisanci sinadari."

Ban san wa ya gaya masa ba. Ko a nan ban rubuta ba.

"Akwai gurbi a sitonmu na Bompai. Busasshiyar fata ce kawai, ba ruwa, ba wari. Kujera da fanka. In baƙuwar nan ta zo lafiya ta tafi lafiya, ba na jin akwai wanda ya fi ka cancanta."

Bai ce in yi ƙarya ba. Na sake bin maganarsa kalma kalma a hanya, ba inda ya ce in yi ƙarya. Lafiya kawai ya ce. Ina jin haushinsa, kuma na kasa kama inda laifinsa yake, wannan ya ƙara min haushin.

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Na gaya wa Sadiya. Tana tsintar shinkafa, ta tsaya.

"Bompai? Baban Ummi, Allah ya amsa."

Na ce akwai sharaɗi.

"Wane sharaɗi? Su faɗa, ka maimaita. Aikin tafinta kenan. Ko an ce ka sa naka?"

Na ce ba a ce ba.

"To kar ka sa."

Talata, 13 ga Mayu, bayan Magariba

An fara fenti. An wanke kwatar da tun bara muke roƙo a wanke. An raba safar hannu sabbi da takunkumi, an ce a sa hannu a takarda. Baba Sule ya ɗaga nasa takunkumin ya ce, "Wannan aro ne ko kyauta? In aro ne kar in yi numfashi da ƙarfi a ciki."

Umar ya ce matar nan ta je Legas bara. Ma'aikatan can suka cika mata kunne, wannan yana ihu, wannan yana tuɓe riga yana nuna mata ƙuna. Bayan ta tafi aka yi musu ƙari. Ƙarin da ba a yi mana ba kenan.

Bayan Azahar muka tsaya a bayan masallaci. Na bayyana musu yadda abin yake: ba manaja a ɗakin, ba za ta rubuta suna ba, abin da mutum ya faɗa shi zan faɗa, ba ragi ba ƙari. Na ce amma ba zan iya faɗin abin da ba ku faɗa ba.

Baba Sule ya bugi ƙirji. "Ɗan boko, ka dai wasa Turancinka. Ni zan fara shiga. Sai ta nemi ƙarin takarda."

Kowa ya ce haka ne, haka ne.

Na dawo gida da tsoro biyu. Ina tsoron su faɗa, Bompai ta tafi. Ina tsoron abin da ya sa nake wannan tsoron.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Na je asibiti. Na dawo.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko

Mista Paolo ya tsayar da ni yana fifita da hula, ya ce, "Kano zafi, Abdul." Da fara'a ya faɗa. Na ce masa sosai. Da fara'a ni ma.

Me ya sa na yi masa fara'a? Na tambayi kaina har na gaji. Ba tsoro ba ne. Haka kawai fuskata ta saba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Sadiya ta yi maganar da ba ta taɓa yi ba. Ina alwala a tsakar gida abin ya sarƙe ni, ta riƙe min buta har ya lafa. Sannan ta ce, "Su Baba Sule da kake yi wa tunani, su za su riƙe min yaran nan? Ni ba na son takaba, Baban Ummi. Na faɗa maka."

Na ce ta daina irin wannan magana.

"To ka daina irin wannan tari."

Na karɓi butar na ƙarasa alwala. Tana da gaskiya. Abin da ke ci na shi ne kowa yana da gaskiya: ita, Alhaji Yelwa, Mista Paolo. Ni kaɗai nake yawo da haushi kamar wanda ya haɗiyi garwashi, ba wanda zan tofa wa.

Talata, 20 ga Mayu, da safe

Yau ne.

Talata, bayan Magariba

Na faɗa.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Ban je aiki ba. Bari in rubuta shi a jere, ko zan ga inda na kauce.

Madam Giresi sunanta. Na zaci farar fata ce, sai ga mace baƙa kamar mu, iyayenta mutanen Gana, a can Turai aka haife ta. Aka ba mu ƙaramin ɗaki kusa da kantin cin abinci. Ta rufe ƙofa da kanta.

Baba Sule bai fara shiga ba, ya ce a bar yara su fara. Na farko ya shigo ya durƙusa, ta ce ya zauna a kujera, ya zauna a bakinta. Ta tambaya ko albashi yana isar sa. Ya ce, "Alhamdulillahi." Na ce masa da Hausa, "Tambayar ka take, yana isa ko ba ya isa?" Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Malam, ana ci ana sha. Mun gode Allah." Na faɗa mata haka. Ta rubuta.

Na biyu haka. Na uku haka. Wani da na san ranar Alhamis sai da Uwani ta ba shi abinci bashi, ya ce kamfani ya yi musu komai, Allah ya ƙara ɗaukaka shi. Wani ya tambaye ta yaya ta baro mutanen gida.

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ban ma samu inda zan yi ba. Ina zaune ina mayar da godiya Turanci, Bompai tana matsowa da kanta. Alhaji Yelwa ya san haka za a yi. Shi ya sa bai ce in yi ƙarya ba. Ya san mu. Ya san ba ma kai kuka gaban baƙo, balle mace, balle wadda ta yi doguwar tafiya. Mutumin da zai zagi kamfani tun daga geti har gida, in aka zaunar da shi aka ce faɗi abin da ka rasa, sai ya ga kamar an ce ya tuɓe a kasuwa.

Sai Baba Sule a ƙarshe. Ya canza kaya! Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zo mata da dabino a leda. Ya gaishe ta, ya ce in gaya mata Kano garin baƙi ne, ta saki jiki. Ta yi dariya, ta karɓa.

Ta tambaye shi albashi.

"Asiri a rufe, Alhamdulillahi."

Na ce, "Baba, ku fa kuka ce sai ta nemi ƙarin takarda."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Kai dai faɗa mata abin da na ce."

Na faɗa.

Ta tambaya ko sinadarin yana taɓa masa jiki. Na ga ya ja hannuwansa ya cusa cikin hannun riga. Ya ce lafiya ƙalau.

A nan ne. Ban shirya ba, ko kuwa na shirya tun ranar da Umar ya dawo, ban sani ba. Na miƙa hannu na kamo hannun Baba Sule na zaro shi daga riga na ɗora a kan tebur. Faratan da suka zube, tsagar da ba ta warkewa, fatar da ta koma kamar ta ƙirgi. Na ce mata ta duba. Na gaya mata zancen Legas. Na gaya mata zancen kuɗin wahala. Na ce ta tambayi masu kamfanin, Kano gari ne mai sauƙi ko mai wuya, su zaɓi ɗaya. Na yi ta magana har tari ya tare ni, ta miƙo min ruwanta.

Ta rubuta da yawa. Ta ce a hankali, a ƙasar da ta fito ma akwai irin wannan tazara tsakanin baƙaƙe da farare, kuma faɗinta ya danganta da garin da mutum yake. Ta ce ba ta yi min alkawarin komai ba, rahoto take kaiwa. Na ce na gane.

Duk wannan hannun Baba Sule yana cikin nawa. Ba ya jin Turanci, amma ya ji sunansa, kuma ya ga inda take kallo. Ya zare hannunsa a hankali, ya miƙe, ya yi mata sallama da ladabi. A bakin ƙofa ya juyo.

"Abdulbaƙi, na haife ka. Shekara nawa ina cin gumina, ban taɓa roƙon kowa ba. Yau ka mai da ni mabaraci a gaban mace."

Bai ce Ɗan boko ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, hutun rana

Ba wanda ya zauna a bencina. Uwani ta zuba min abinci ta ce, "Malam tafinta, a ƙara miya ko za ka kai ƙarata Turai?" Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba wasa take ba. Da na miƙa mata kwano ta rage murya: "Dattijo ne fa. Ko ɗanka ne ba ka yi masa haka a gaban mutane ba."

Umar kaɗai ya ce na yi daidai, amma a waya ya faɗa, yana hanyar Legas.

Ni fa saboda su na yi. Su suka tsaya a bayan masallaci suka ce haka ne, haka ne. Su aka rage wa albashi don an san ba za su buɗe baki ba. Mutuncin nan da suke tattali, kamfani ya daɗe da sa shi cikin lissafi. Yanzu ni ne mai laifi.

Na rubuta wannan da zafi. Na sake karantawa. Har yanzu ina ganin gaskiya ne. Amma hannun ba nawa ba ne. Ina da hankicin da zan nuna wa Madam a aljihuna, na kaina, ban fito da shi ba. Nasa na fito da shi.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan La'asar

Alhaji Yelwa. Ba ruwan sanyi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce Madam ta yi wa masu kamfani wasu tambayoyi kafin ta hau jirgi, tambayoyin da ba mai juya ganga ne zai sa mata su a baki ba. Ya ce gurbin Bompai an duba an ga ba a bukatarsa yanzu. Ya ce kuma za a yi gyara a sashen ruwa, mai kula ɗaya ya isa, ni zan koma kan ganga daga Litinin.

"Ba kora ba ce. Ka gode Allah."

Na buɗe baki, wallahi Alhamdulillahi ce ta zo. Na haɗiye ta. Na fita. Allah ya yafe min, ba da shi nake ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, da safe

Sadiya ta sani. Ta kai yara gidansu a Na'ibawa, ta ce yini za su yi.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan Magariba

Ba su dawo ba.

An karɓe safar hannun da takunkumin, wai za a adana. An ba ni ganga ta can ƙurya, inda tururi ke taruwa. Na yi shekaru ban riƙe sandar juya fata ba, kafaɗata ta tuna kafin ni.

Mista Paolo ya zo ya tsaya a kaina. Ya ciro takunkuminsa, irin mai gwangwani biyu a gefe wanda ake kawo masa daga ƙasarsu, ya miƙo min. Ya ce, "Abdul, ni ban sani ba." Ban tambaye shi me bai sani ba. Raina ya ce in bar shi da hannu a miƙe. Ƙirjina ya ce in karɓa. Na karɓa. Har na ce na gode.

Sai haushi ya hana ni cin abinci. Mutum guda, takunkumi guda, a sashen da kowa ke shaƙar abu ɗaya. Na sa shi duk da haka.

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma

Ba labari daga Turai. Wataƙila ba za a taɓa ji ba. Wataƙila a yi ƙari bayan Sallah, a ce alherin kamfani ne, mutane su yi layi su yi godiya.

Sadiya ta aiko Ummi da tuwo da maganina. Ba saƙo. Na cinye tuwon.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan Magariba

Da hantsi abin ya tashi a kan ganga, har na durƙusa. Na cire takunkumin na juya wa mutane baya, amma ƙurya ce, ba inda zan ɓoye. Na san sun gani. Ba wanda ya ce sannu, kuma na gode da ba su ce ba.

Bayan Azahar na dawo na tarar da Baba Sule a kan gangata, ya riga ya naɗe hannun riga. Tasa ita ce ta bakin babbar ƙofa, inda iska ke shigowa daga fili. Tun kafin in zo kamfanin nan take hannunsa, ba wanda ya isa ya taɓa ta.

Na tsaya. Na ce, "Baba, nan wurina ne."

Bai ɗago ba. "Hasken ƙofar can yana damun idona. Je ka can."

"Baba, ku yi haƙuri da abin da..."

"Na ce idona. Ko shi ma sai ka kai wa Madam?"

Na ce a'a.

"To wuce, Ɗan boko, fata tana jira."

Na wuce. Har aka tashi ban juya na dubi ƙuryar ba, don na san ba ya so a gani.